Ba tsufa ke damunta ba, jira ne: fashin baƙi kan sa wa tsohuwar kwamfutar tebur SSD

Akwai wani shagon buga takardu a unguwarmu da nake kai aiki jefi-jefi. Mai shagon kan kunna kwamfutarsa da safe, ya fita ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya tsallaka ya sayo ƙosai, ya dawo ya tarar ɗan da'irar nan tana ta juyawa a kan allo. Kwamfutar irin baƙaƙen nan ce na ofis da ake shigo da su na hannu daga Turai da Amurka, mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5 zubi na uku, wato ƙirar wajejen 2012. Wata rana ina zaune ina jiran ya buɗe mini takarda shafi biyu kacal, sai ya yi tsaki ya ce, "Malam, wannan ta gama yayi, kuɗi kawai nake jira in canza ta." Na ce masa, "Alhaji, kafin ka canza, danna Ctrl da Shift da Esc tare mu ga wani abu." Task Manager, shafin da ke nuna yawan aikin da kowane sashen kwamfuta ke yi, ya buɗe bayan ya gama jan ajinsa. Furosesa ko kashi goma cikin ɗari ba ta kai ba a aiki. Layin faifan ajiya kuwa ya kafe a kan 100%, ko motsi ba ya yi.

Abin da wannan hoton ke nufi shi ne, ƙwaƙwalwar kwamfutar zaune take hannu rabbana, ta aiki yaro ya ɗauko mata kaya, yaron bai dawo ba. Mafi yawan tsofaffin kwamfutocin da ake yi wa kallon sun mutu, ciwonsu ke nan, maganinsa kuma shi ne sa musu sabon nau'in faifan ajiya da ake kira SSD.

Faifan ajiya na gargajiya, wanda ake kira HDD, ɗan'uwan faifan garmaho ne. A ciki akwai faranti mai maganaɗisu da ke juyawa, da wani siririn hannu mai kai a bakinsa da ke yawo a saman farantin yana karatu yana rubutu. Fasahar ta daɗe; kamfanin IBM ne ya fara fito da ita a 1956 a cikin na'urarsa RAMAC, da faranti hamsin, kuma duk abin da suke ɗauka bai wuce megabait biyar ba. An yi ta ƙanƙanta shi ana ƙara masa ciki har ya kai terabait, amma abu ɗaya bai canza ba: kafin a karanta komai, sai hannu ya tafi layin da abin yake, sannan ya tsaya farantin ya juyo masa da wurin.

A yi lissafin, domin duk maganar a nan take. Faifan kwamfutar tebur yakan juya sau 7,200 a minti, wato sau 120 a sakan guda. Zagaye ɗaya na cin milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan) takwas da ɗoriya, a matsakaici kuma ana jiran rabin zagaye, milisakan huɗu ke nan. Tafiyar hannun kanta takan ci takwas zuwa tara. Idan aka haɗa, kowane aike yana cin kusan milisakan 12 ko 13. Ke nan a sakan guda faifan ba zai yi aike fiye da tamanin zuwa ɗari ba, idan abubuwan a warwatse suke. To ai kuwa tashin Windows da buɗe manhaja duk aikin warwatsattsun ƙananan fayiloli ne, dubbai, mafi yawansu 'yan kilobait. Faifan da zai kwafe maka babban fim ɗaya a gudun megabait 150 a sakan, idan aka sa shi tsintar gutsattsari masu kilobait huɗu-huɗu, ko megabait ɗaya ba ya cikawa. Ɗaukar buhun gero daga sito daban, tsintar ƙwayarsa a tsakar gida daban.

SSD ba shi da faranti, ba shi da hannu, babu abin da ke motsi a cikinsa. Bayanai na zaune ne a cikin ƙwayoyin lantarki irin na filash, nau'in da ake kira NAND, wanda Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980. Duk inda abu yake, isa gare shi kusan kashi ɗaya cikin goma na milisakan ne. Kwatanta da 12 ɗin can, za ka ga an ninka sau ɗari. Wannan ninkin shi mutum ke ji a jikinsa idan ya ga kwamfutar da ke cin minti uku kafin ta natsu ta koma tashi kafin ya gyara zama.

Na tsaya a kan wannan ne saboda wata gardama da nake yawan ji a bakin masu gyara, cewa wai sa SSD a tsohuwar kwamfuta asara ce tunda hanyarta ƙarama ce. Ga asalin maganar. Mahaɗin da faifai ke amfani da shi, SATA, zubi uku ne. Na farko, na 2003, iyakarsa megabait 150 a sakan. Na biyu, na 2004, 300. Na uku, na 2009, 600. A jikin kwalin SSD za ka ga an rubuta 550 ko kusa da haka, kuma gaskiya ne ba za ka ga wannan adadin ba sai a kan zubi na uku. Kwamfutocin zamanin Core 2 Duo na biyu gare su, haka ma allunan cikin kwamfuta (motherboard, babban allon da komai ke jone a kansa) masu ɗauke da ƙwayar H61, ko da furosesarsu Core i3 ko i5 ce. A kansu gudun zai tsaya wajen 270. Sai dai 550 ɗin gudun ɗaukar buhu ne, kai kuma aikinka na yau da kullum tsintar ƙwaya ne. A wajen tsinta, SSD mai kyau yakan yi megabait talatin zuwa arba'in a sakan, wanda ko kusa da cika hanyar SATA ta biyu bai yi ba. Sai ranar da kake kwafe manyan bidiyo za ka lura da bambanci tsakanin zubi na biyu da na uku. Ba 550 kake saye ba, cire jira kake saye, shi kuwa ko a ƙaramar hanya ana samunsa cif.

Inda maganar masu gyaran ta yi daidai shi ne kwamfutocin da suka girmi SATA gaba ɗaya, masu faffaɗar wayar nan kamar ɗamara mai fil arba'in, na zamanin Pentium 4 na farko-farko. Waɗannan a bar su su huta.

Akwai kuma tarko daga ɗaya ɓangaren. Mutum ya je kasuwa, mai shago ya zaro masa wani siriri kamar cingam ya ce wannan ya fi gudu nesa ba kusa ba. Gaskiya ya faɗa, NVMe ne mai shiga ramin M.2, yana yin dubban megabait a sakan. Amma tsohuwar kwamfuta ba ta da wannan ramin. Ana iya sayen wani kati a dasa shi a ramin PCIe, wato ramin ƙarin kati da ke kan allon cikin kwamfuta, Windows ma zai gan shi a matsayin wurin ajiya, sai dai tashi daga kansa yana buƙatar manhajar allon kwamfutar ta san da NVMe, abin da bai zama ruwan dare ba sai wajejen 2014 zuwa 2015. Wanda kwamfutarsa ta girmi haka, abin da zai nema shi ne mai siffar ƙaramin akwati, inci biyu da rabi, mai bakin SATA. Ko a cikin masu siffar cingam ɗin ma akwai na SATA akwai na NVMe, kama ce kawai, ba kowanne ke aiki a ramin ɗan'uwansa ba.

Wajen saye ne ake yawan cin kasuwar bayan mutum. Gigabait 120 ya yi kaɗan a yau. Windows da sabuntawarsa da 'yan manhajoji za su cinye fiye da rabi, kuma SSD idan ya cika maƙil gudunsa na raguwa. Daga 240 ko 256 ake farawa, 500 ya fi kwanciyar hankali. Kada ka tayar da jijiyar wuya idan ka sayi 500 kwamfuta ta nuna maka 465, ko 256 ta nuna 238. Ba a cuce ka ba, masu ƙerawa na ƙirga da dubu ne, Windows na ƙirga da 1,024. Cuta ta gaske ita ce jabu: akwati mai sunan babban kamfani, ciki kuma ƙwayoyin da aka tsinto, wani lokaci ma an yi masa dabara yana nuna terabait alhali cikinsa bai kai rubu'i ba. Irin wannan zai karɓi fayilolinka ba musu, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar da shirme. Ba a cinikin biri a sama. A jona shi a gabanka, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, ta nuna maka sunan ƙirar, da sa'o'in da ya yi yana aiki, da yawan abin da aka taɓa rubutawa a kansa. Wanda aka ce sabo ne fil a leda amma yana nuna sa'o'i dubu huɗu, ka san inda aka dosa. Idan girman ne kake shakka, H2testw na cika faifan da bayanai ta sake karantawa, ƙarya ba ta tsira a hannunta, sai dai tana cin lokaci.

Abu biyu ke raba mai tsada da mai araha a cikin na ainihin. Na farko, yawan bayanan da ake cusa wa kowace ƙwaya: nau'in TLC na ɗaukar bit (mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani) uku, nau'in QLC na ɗaukar huɗu, kuma duk yadda aka ƙara cunkoso, gudu wajen dogon rubutu da tsawon rai na raguwa. Na biyu, ko yana da 'yar ƙwaƙwalwar DRAM ta kansa da yake ajiye taswirar inda komai yake. Samsung 870 EVO da Crucial MX500 suna da ita, Kingston A400 da Crucial BX500 ba su da ita. A ra'ayina, ga kwamfutar buga takardu da shiga intanet, ko marar DRAM ɗin ya wadatar, don tsakaninsa da tsohon faifai har yanzu sama da ƙasa ne. Wanda ke tace bidiyo ko yake son faifan ya daɗe yana ɗaukar nauyi, shi ne ya kamata ya ƙara kuɗi.

Dasawar kanta ba wani abin tsoro ba ce. Da muka buɗe ta Alhaji, abin da ya fara tarbarmu ƙurar hunturu ce ta shekaru, ta yi kauri a kan fanka kamar auduga, har da gawar kyankyaso a kusurwa. Muka zare wayar wuta, muka danna makunni na 'yan sakanni don ragowar wutar ta fice, muka taɓa ƙarfen akwatin kafin mu taɓa allon cikin kwamfutar. Waya biyu SSD ke buƙata: siririya mai fil bakwai da ke zuwa kan allo, da faffaɗa mai fil goma sha biyar da ke fitowa daga gidan wuta. Bakin kowacce yana da 'yar lanƙwasa, ba ta shiga a juye, don haka idan ta ƙi shiga kada a yi mata ƙarfi. A kan allon, ramukan suna da lamba, SATA0, SATA1, haka. A yawancin allunan da ke da zubi na uku guda ɗaya ko biyu, masu ƙaramar lamba ne, kuma sau da yawa launinsu daban. Gurbin tsohon faifai inci uku da rabi ne, sabon zai yi masa kaɗan. Akwai ɗan faranti da ake sayarwa don cike gurbin, amma tunda babu abin da ke juyawa a ciki, ko ɗaure shi aka yi da igiyar roba a inda ba zai taɓa fanka ba, ya zauna. Abin da nake gudu shi ne 'yar wayar nan mai araha da ke mayar da tsohon bakin wuta mai fil huɗu zuwa na SATA. Marasa ingancinta sun yi suna wajen narkewa. Idan bakin wuta ya ƙare, gara a cire na'urar DVD da ba wanda ke amfani da ita a ɗauki nata, muddin babba ce. Siririyar DVD irin ta laftof bakin wutarta ƙarami ne, ba zai yi ba.

Daga nan sai babbar shawara: a kwafe tsohon faifan kacokan zuwa sabo, ko a ɗora Windows sabo? Kwafewa na da daɗi, komai zai dawo yadda ka bar shi, har hoton bangon allo. Manhajar Clonezilla na yi kyauta, Samsung da Crucial ma kowanne na ba da manhajar kwafewa ga masu faifansa. Sharaɗi shi ne abin da ke cikin tsohon kada ya fi cikin sabon. Illarsa, duk tarkacen shekara goma zai biyo ka, kuma idan tsohon faifan ya fara ruɓewa a wasu wurare, kwafewar na iya tsayawa a tsakiya ko ta kwaso fayiloli masu rauni. Ni na fi karkata ga sabon ɗori: filash mai gigabait takwas, a zuba masa Windows da manhajar Microsoft ko wata manhaja mai suna Rufus, a tashi daga kansa. Amma ga wani kuskure da ni kaina na taɓa yi. Na bar tsohon faifai a jone lokacin ɗorawa, Windows ya zauna a sabon, amma ya ajiye fayilolin tashinsa a tsohon. Watanni bayan haka na cire tsohon, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. A zare wayar tsohon faifai kafin a fara, a mayar bayan an gama. Batun lasisi kuwa, na Windows 10 a jikin allon kwamfuta yake ɗaure, canza faifai ba ya zubar da shi.

Kafin ɗorawar a leƙa cikin BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi, a ga yanayin da SATA ke kai. Tsofaffi da yawa suna kan IDE, wasu na ofis kan RAID. Yanayin da ake kira AHCI ake so, domin shi ke ba faifai damar karɓar aike har 32 a jere ya tsara su da kansa. A canza kafin a ɗora Windows. Wanda ya canza bayan an ɗora ba tare da shiri ba, shuɗin allo zai tarbe shi, ya ɗauka sabon faifan ne ya mutu.

Akwai wata ɗabi'a ta SSD da duk wanda ya yi makarantar allo zai gane nan take. A kan allo kana rubutu layi-layi, amma ba ka goge kalma ɗaya ka maye ta da wata. Sai dai a wanke allon duka. Haka NAND yake: ana rubutu a ƙananan shafuka, gogewa kuwa sai dai babban ɓangare mai ɗauke da shafuka da yawa a lokaci guda. Idan akwai abin da ake so a ɓangaren, sai an kwashe shi zuwa wani wuri tukuna. Kuma kamar yadda yawan wanki ke cin allo, kowace gogewa na rage wa ƙwayoyin kwana, shi ya sa 'yar na'urar da ke kula da faifan daga ciki ke rarraba rubutu ko'ina don kada wuri ɗaya ya ƙare kafin sauran. A nan ne umarnin TRIM ke shigowa: idan ka goge fayil, Windows na sanar da faifan cewa shafukan nan ba a buƙatarsu, sai ya wanke su a lokacin da yake hutawa. Daga Windows 7 na 2009 aka fara wannan. XP da Vista ba su san shi ba. A Windows 10 komai na tafiya da kansa, ba sai ka riƙa yi masa tsohon gyaran nan na tattara fayiloli wuri ɗaya ba, don SSD bai damu da nisa ba.

Tsoron cewa rubutu zai cinye faifan da wuri, lissafi na kore shi. Samsung 870 EVO mai gigabait 500 an ba shi garantin rubutun terabait 300. Wanda ke rubuta gigabait ashirin kullum, kuma hakan ba kaɗan ba ne, zai yi shekara arba'in kafin ya kai nan. Abin da ya fi dacewa mu ji tsoro a nan ƙasar daban ne. Ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu na iya dagula taswirar cikin faifan, kuma na gida ba su da cikakkiyar kariyar da na manyan cibiyoyin bayanai ke da ita. Yawanci yana farfaɗowa lafiya, amma inda ake ɗauke wuta sau biyar a yini, a tayar da janareta, a sake komawa, UPS, na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ba ado ba ne. Sai kuma yanayin mutuwarsa. Tsohon faifai kan yi gargaɗi, ka ji ƙas-ƙas, ka ga nauyi na ƙaruwa, ka samu ka kwashe kayanka. SSD sau da yawa jiya lafiya lau, yau BIOS ba ta ganinsa. Fayil ɗin da ka goge bisa kuskure ma, da zarar TRIM ya bi ta kansa, manhajojin dawo da fayil ba su da abin kamawa. Kuma ba wurin ɓoye hotunan biki a jefa a durowa ba ne: ma'aunin JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan kayan lantarki, ya ce faifan gida da ya cinye adadin rubutunsa ya riƙe bayanai shekara guda ba wuta a zafin digiri 30, kuma duk yadda zafi ya ƙaru lokacin na raguwa. Sabo yana wuce haka sosai, amma wanda ya san ɗakin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san digiri 30 wasa ne. Shi ya sa tsohon faifan, idan lafiyarsa ƙalau, ba a yar da shi; ya koma na biyu, kwafin muhimman abubuwa ya zauna a kansa.

Abin da SSD ba ya yi kuma a faɗe shi. Ba ya ƙara wa furosesa ƙarfi, don haka tace bidiyo ko wasan da ya fi ƙarfinta zai ci gaba da fin ƙarfinta. Ba ya ƙara gudun intanet. Idan RAM, wurin ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kai, gigabait biyu ne ko huɗu, buɗe shafuka goma a Chrome zai cika shi, kwamfuta ta koma aron wuri a faifai. SSD na rage zafin hakan amma bai kawar da shi ba, kai RAM ɗin takwas shi ne magani, kuma sai Windows ɗin ya zama 64-bit kafin ya ga abin da ya haura huɗu. Sannan ga batun da ya fi duka nauyi: Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana son na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, ko ta kamfanin AMD, Ryzen 2000 zuwa sama. Kwamfutar 2012 ba ta cikin wannan layi, ko wane faifai aka sa mata. Wanda ke shiga asusun banki da ita ya kamata ya yi tunanin ɗora Linux Mint ko makamancinsa a madadin Windows, waɗanda ke tafiya sumul a irin waɗannan injuna. Sauƙin abin, kuɗin SSD ba ya bin kwamfutar kabari. Ranar da aka canza ta, a zare shi a sa a wata, ko a saya masa gida mai bakin USB.

Ta Alhaji mun sa mata mai 256, muka ƙara RAM ya kai takwas, muka canza 'yar batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ta sa agogonta ke komawa baya kullum. Tsohon faifan na nan a ciki yana riƙe da takardun kwastomomi. Da na koma bayan mako guda, na same shi yana ƙorafi a kan na'urar buga takardar, wai yanzu ita ce ke ɓata masa lokaci.